Gyara Iri Biyu A Faifan Cali

Abin da na zaɓa in yi rubutu a kansa bana, wataƙila wasu su ce wasa ne, domin kuwa maganar fim ce, fim ɗin ma na ban dariya. Ina roƙo a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe, gama akwai kuɗi a cikin maganar, akwai kuma tarihi.

Kakana yakan ba mu labarin majigin da ake nuna musu a fili suna yara. Ya ce a cikin duk abin da ake haskawa a jikin farin ƙyalle ba abin da suke ɗoki kamar wani ɗan guntun Bature mai ƙaton takalmi da burgujejen wando da 'yar sanda. Sunansa Charlie Chaplin, amma su Cali suke ce masa. Ya ce daga nan ne ma in yaro ya cika shiririta akan kira shi cali. An haifi wannan mutum a Landan a 1889, ya yi yawancin aikinsa a Amurka, ya rasu a Suwizalan ran 25 ga Disamba, 1977.

Da aka ba mu hutun ƙarshen shekara sai na yi niyyar in faranta wa tsohon rai. Na shiga kasuwa na sayo wani faifan DVD mai hoton Cali a bango, an cusa finafinai da dama a cikinsa. Bayan sallar isha'i muka zauna muka sa wanda ake kira The Gold Rush, watau rububin zinariya. Ba a yi minti goma ba Kaka ya dube ni ya ce, "Kai abokina, an cuce ka. Wannan ba Calin da na sani ba ne. Ina ƙafafunsa?" Na duba, ashe gaskiyarsa. An datse hoton sama da ƙasa don ya cika faɗin talabijin, takalman sun ɓace. Fuskoki sun yi fari fat kamar an watsa musu gari, duhu kuwa ya zama baƙin tukunya. Mutane na ta zabura kamar an zuba musu barkono a wando. Kiɗan da aka ɗora kuma ba ruwansa da abin da ke faruwa: ana yunwa a fim, kiɗa yana biki. Muka kashe, na kwanta da takaicin kuɗina.

Da muka komo makaranta na ba malaminmu na tarihi labari. Ya yi dariya ya ce, "Gobe ka zo ofis." Ya ara mini faifansa na wannan fim ɗin, bugun kamfanin Criterion na 2012, ya ce in riƙe shi kamar ƙwai. Abin da na gani a ciki, da abin da na bincika daga baya, shi ne tushen wannan rubutu.

Mu Hausawa muna da kalmar gyara, tana kuwa da ma'ana biyu. Akwai gyaran abin da ya lalace. Akwai kuma gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan an cika mudu. Duk wanda zai sayi tsohon fim da aka sake fitarwa, a kan faifai ko ta intanet, waɗannan gyara biyu ya kamata ya duba.

Bari in fara da na farko. Me ya sa tsohon fim yake bukatar gyara? A zamanin Cali ana ɗaukar hoto ne a kan wani dogon zare mai kama da leda, wanda aka yi da sinadarin naitaret. Wannan zare yana kama wuta nan da nan, in ya daɗe kuma sai ya yi danƙo ya narke, daga baya ya zama gari. Gobara ta cinye rumbun ajiyar kamfanin Fox a 1937, ta kuma cinye wani na kamfanin MGM a 1965. A 2013 babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da sakamakon wani bincike, wanda ya nuna cewa a cikin dogayen finafinai marasa magana da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929, kashi 70 cikin ɗari sun salwanta ɗungum. Kashi 14 kaɗai suka tsira a irin zaren da aka fara nuna su. Cali ya yi sa'a, domin daga 1918 shi ke da mallakar abin da ya yi, ya kuwa adana kayansa. Finafinansa na farko, waɗanda ya yi wa kamfanonin wasu daga 1914 zuwa 1917, su ne suka sha wuya. An yi ta kwafar kwafi daga kwafi shekara da shekaru. Duk ɗalibin da ya taɓa karɓar takardar da aka yi wa hoto daga hoton hoto ya san yadda baƙaƙe ke cinye juna.

Masu gyara na gaskiya ba daga irin wannan kwafi suke farawa ba. Sukan bi ƙasa ƙasa suna neman uwar fim, watau nagatif, ko kwafin da ya fi kusa da ita. A birnin Bolonya na Italiya akwai wata cibiyar adana finafinai wadda iyalin Cali suka amince mata da wannan aiki. Sukan ɗauki hoton zaren da na'ura, gida bayan gida, sa'an nan su cire datti da zane a kwamfuta. Wani lokaci minti ɗaya na fim sai an haɗo shi daga kwafi biyu ko uku. A nan ma akwai haɗari. In aka sakar wa kwamfuta aikin ita kaɗai, tana iya ɗaukar ƙanƙarar da ke zuba a matsayin datti ta share ta, ko ta goge fuskar mutum har ta koma kamar ta 'yar tsana. Tsabtar da ta wuce kima ita ma ɓarna ce.

To, amma abin da na fi so 'yan'uwana su lura da shi shi ne wannan. Fim ɗin ban tausayi, ko hotonsa ya dushe, mutum zai iya bin labarin ya yi kukansa. Fim ɗin ban dariya ba haka yake ba. Dariya tana rataye ne a kan abu biyu, lokaci da abin da ido ya gani. In aka taɓa ɗaya daga cikinsu ta mutu.

Dubi maganar lokaci. Kyamarar wancan zamani da hannu ake juya ta, saboda haka ba ta da ƙayyadadden sauri. Da yawa an ɗauke su ne wajen hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsayar da sauri a kan hoto 24. In ka ɗauki fim ɗin da aka yi a kan 18 ka nuna shi a kan 24, ka ƙara masa sulusin saurinsa ke nan. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke zaton mutanen da haka suke tafiya a fim, kamar kaji. Gaskiya ne su masu ban dariya sukan rage juyin kyamara da gangan a wurin guje-guje don abin ya yi sauri a majigi. Amma wannan gishiri ne da mai miya ya auna da hannunsa. A The Gold Rush akwai inda yunwa ta sa Cali ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci cikin natsuwa kamar babban baƙo a gidan sarki, yana naɗe igiyar takalmin a cokali mai yatsu kamar taliya, yana tsotse ƙusoshi kamar ƙashin kaza. Abin dariyar duk yana cikin natsuwar nan. A faifaina na kasuwa ya cinye takalmin a gurguje, ba wanda ya ko murmusa.

Sai abin da ido ya gani. Hoton wancan zamani faɗinsa 4 ne tsayinsa 3, talabijin na yanzu kuwa 16 da 9. Mai gyara na kirki yakan bar baƙin fili dama da hagu. Mai gaggawa yakan ja hoton har siririn mutum ya koma gajere mai tumbi, ko ya datse sama da ƙasa. Cali kuwa da dukan jikinsa yake wasa, ya fi son kyamara ta tsaya nesa a gan shi daga hula har takalmi. A wurin da ya soka cokula biyu a cikin 'yan burodi biyu ya sa su rawa a kan tebur kamar ƙafafu, burodin a can ƙasan hoto yake. In an datse ƙasa, sai ka ga mutum yana ta kaɗa kai ba dalili. Wannan cuta ma ba yau ta fara ba. A 1932 wani kamfani ya sayi gajerun finafinai 12 da Cali ya yi wa kamfanin Mutual a 1916 da 1917, ya ɗora musu kiɗa da ƙararraki. Da yake layin sauti a gefen zare yake zama, sai ya ci wani yanki na hoton. Shekaru da yawa haka mutane suka riƙa ganinsu.

Yanzu ga wata matsala da ta fi waɗannan wuya, wadda har yau ban gama warware ta a zuciyata ba. Ashe The Gold Rush guda biyu ne, kuma duka Cali ne ya yi su. Na farko ya fito a 1925, ba magana, sai rubutu da ke fitowa jefi-jefi. A 1942 ya sake fitar da shi: ya cire rubutun, ya sa muryarsa yana ba da labari, ya tsara kiɗa, ya rage tsawonsa zuwa minti 72. Bai tsaya nan ba, har labarin ya taɓa. A na 1925 yarinyar da yake so, Jojiya, ta rubuta wasiƙar ban haƙuri ga wani saurayi dabam, shi kuwa saurayin don mugunta ya sa aka kai wa Cali, ya ɗauka tasa ce. A na 1942 wasiƙar tun asali Cali aka rubuta wa. Kun ga a na farko ana yi masa dariya ne alhali tausayinsa na cin mai kallo, a na biyu kuwa an sassauta abin. Ƙarshen fim ɗin ma ya gajarta shi.

Wanne ne na gaskiya? Shi mai abu ya ɗauki na 1942 a matsayin na ƙarshe, ya bar na 1925 ba kula, har ba a sabunta rajistar mallakarsa a Amurka ba a 1953. Wannan ne ya buɗe wa kowa ƙofa ya buga shi yadda ya ga dama, daga nan irin faifaina ya samo asali. Sai a 1993 wasu masana biyu 'yan Ingila, Kevin Brownlow da David Gill, suka sake harhaɗa na 1925 daga abin da ya saura. A 2025, da fim ɗin ya cika shekara 100, an nuna wani sabon gyaransa a bikin finafinai na Kan a Faransa. Ni dai na fi son na 1925, domin muryar ta cika gaya mini abin da idona ya riga ya gani. Malam kuwa ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba ni da ikon hana mutum gyara abinsa. Mun yi ta ja har aka kaɗa ƙararrawa. Inda muka haɗu shi ne, faifan Malam ya yi adalci da ya sa duka biyun, ya bar mai kallo ya yi hukunci. Haka aka yi da The Kid na 1921, wanda Cali ya cire wa wurare uku a 1971. Bugun Criterion na 2016 ya sa waɗannan wurare a gefe don a gani.

Wannan ya kawo mu ga gyara na biyu, watau ƙarin da ake yi wa mai saye. Kaset ɗin bidiyo na VHS, wanda ya fito a Japan a 1976, fim kaɗai yake ɗauka galibi. A 1984 kamfanin Criterion ya fitar da fim ɗin King Kong a kan wani babban faifai, ya sa muryar wani masani yana bayani fim yana tafiya. Daga nan al'adar ta fara. Da DVD ya zo a 1996, Blu-ray kuma a 2006, wuri ya yalwata, kowane kamfani ya shiga jera ƙari a bayan kwali.

Ba duk ƙari ne ƙari ba. Akwai mai awon da zai ƙara maka ƙaiƙayi. Tallan wasu finafinai, da jerin hotuna marasa bayani, da hirar da kowa ke yabon kowa, duk cika kwali ne. Ga finafinan ban dariya na zamani akan sa wuraren da 'yan wasa suka yi kuskure suka fashe da dariya. Yana da daɗi sau ɗaya, ba ya koyar da kome.

Ƙari na kirki shi ne wanda in ka gama kallonsa ka koma kan fim ɗin sai ka ga abin da ba ka gani ba da. A faifan Malam akwai bayanin Jeffrey Vance, wanda ya rubuta littafi a kan Cali, da wani shiri a kan dabarun hoto. Na koyi cewa takalmin nan da alewa aka yi shi. Dogon layin masu neman zinariya da ke hawan dutse a farkon fim mutane ne na gaske, wajen 600, aka kai su kan duwatsun Kalifoniya cikin ƙanƙara, suna kwaikwayon rububin da aka yi a Kulondaik ta ƙasar Kanada a ƙarshen shekarun 1890. Bukkar da ke lilo a bakin rami kuwa, in an hango ta daga nesa, 'yar ƙarama ce aka ƙera. Haka kuma a Modern Times na 1936 akwai inda Cali ya ɗaure idonsa yana wasa da takalmi mai taya a bakin wani rami cikin kanti, har cikin mai kallo ya ɗuri ruwa. Ba rami a wurin. An zana shi ne a jikin gilashi aka ajiye a gaban kyamara. Bugun 2010 ya nuna yadda aka yi. Da na sani, maimakon abin ya rage mini daɗi, sai na ƙara mamakin yadda ya san daidai inda zai tsaya a bakin ramin da ba ya nan.

Amma ƙarin da ya fi girgiza ni shi ne ragowar hotunan da aka ɗauka ba a yi amfani da su ba. Brownlow da Gill ɗin nan sun samo tulin irin waɗannan, suka yi shiri mai kashi uku a 1983 mai suna Unknown Chaplin. A ciki aka ga cewa Cali ba ya zuwa da rubutaccen labari cikakke. Yakan fara da 'yar dabara ɗaya, ya yi ta ɗauka yana sakewa har labari ya fito. A The Immigrant na 1917 ya fara da wurin gidan abinci, ya ɗauka sau da yawa, sa'an nan ya ga mai kawo abincin ba shi da ban tsoro, ya sauya shi da ƙaton nan Eric Campbell, ya sake komawa farko. Tunanin jirgin ruwan 'yan ci-rani, wanda shi ne farkon fim ɗin, daga baya ya zo. A City Lights na 1931 matsalarsa ita ce yadda makauniya mai sayar da furanni za ta zaci wannan matsiyaci attajiri ne. An ƙidaya ɗauka 342 a wannan wuri. Maganin da ya samu shi ne ƙarar rufe ƙofar mota. Akwai kuma wani wuri mai wajen minti bakwai inda yake fama da ɗan guntun icce da ya maƙale a ragar ƙarfe a kan titi. Cikakken wasa ne mai kyau, amma ya cire shi don yana tsayar da labari.

Ni ɗan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne a makarantar nan, kuma 'yan'uwana na ƙungiya sun san halinmu. In wasan ban dariya ne mukan ce ba sai an yi gwaji ba, in an hau dandali abin zai zo. Na wa'azi da na tarihi su muke haddacewa. Bayan na ga mutumin da duniya ta sallama wa yana maimaita abu ɗaya sau ɗaruruwa, kunya ta kama ni. Wasanmu na ranar iyaye da ya wuce, wurin da ɓarawo ke ɓuya a buhu, mun gwada shi sau 14. Waɗanda suka halarta su za su faɗi ko an ga bambanci.

Ga iyayenmu masu fitar da kuɗi, da wanda zai nema a intanet, abin dubawa kaɗan ne. A ga ko an faɗi wanda ya yi gyaran da shekarar da aka yi shi, da irin kwafin da aka yi aiki da shi. A ga ko an faɗi tsawon fim da wane bugu ne. In an ga finafinai 20 a faifai ɗaya, to, an matse su ne, tilas hoto ya lalace. Kalmar "sabo" a kan kwali ba shaida ba ce, kowa yana iya buga ta.

Da na mayar wa Malam faifansa sai ya tambaye ni, "To, namu fa?" Ban gane ba sai da ya yi bayani. An fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a Kano a 1990, a kan kaset. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya yi finafinai masu ɗimbin yawa a kaset da faifai. Kafin shi akwai Samanja, watau Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, a rediyo da talabijin na Kaduna. Kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cin sa, faifai yana karcewa. Abin da nake gani na Ibro a wayoyin abokaina guntaye ne na minti biyu ko uku, an liƙa musu tambari a kusurwa, ba sunan fim, ba shekara, ba sunan wanda ya ba da umarni. Cali ya sami masu bin ƙasashe suna tsintar gutsattsarinsa bayan shekara 70. Saboda haka ina roƙon duk uba ko uwar da ke da irin waɗannan kaset a ƙarƙashin gado, kada a zubar, kada a ba yara su warware zaren. A tsayar da su a tsaye a wuri mai sanyi marar laima, a bar su cikin kwalinsu, domin sunaye da shekara a kwalin suke.

Kafin in mayar da faifan na nemi izini na kai shi gida ran Asabar. Muka sa na 1925. Da aka zo wurin takalmi, Kaka ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce, "Yawwa, ga ƙafafun nan." Sa'an nan ya sa na mayar da wurin baya har sau uku.